Dalilin da ya sa ba ma ƙara asid a batir

Ɗana, ka tambaye ni abin da ya sa nake hana ku ƙara asid idan ruwan batir ya ja baya, alhali asid ne a cikinsa tun farko. Tambayar tana da kyau, domin a nan Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, batura masu yawa sun mutu saboda wannan kuskure, kuma amsarta tana cikin darasin kemistiri da kake karantawa domin jarrabawar WASSCE.

Batirin mota ɗakuna shida gare shi, kowane ɗaki yana ba da ƙarfin wuta kimanin bolt 2.1, shi ya sa cikakken batir yake nuna 12.6. A cikin kowane ɗaki akwai faranti na darma da na darma mai oksijin, suna jiƙe cikin asid na salfurik, H2SO4, wanda aka sirka da ruwa. Abin da ke fita daga batir ruwa ne kawai: zafi yana ƙafar da wani, caji kuma, musamman idan altaneta, na'urar da ke cajin batir a mota, ta wuce kima, yana raba wani ya zama iskar haidirojin da oksijin. Asid ɗin yana nan bai je ko'ina ba. Kamar miya ce da ta ƙafe a kan wuta, gishirinta bai ragu ba, don haka ruwa take nema. Wanda ya ƙara asid ya sa kaurin ya wuce iyaka, sai ya cinye farantan.

Za ka ce to me ya sa haidiromita, abin auna kaurin ruwan batir, take nuna 1.12 a batirin da ya mutu, maimakon 1.28 na cikakke? Saboda a lokacin da batir yake ba da wuta, asid yana haɗuwa da darma ya zama salfet, PbSO4, ya manne a jikin faranti, ruwa kuma ya ƙaru. Caji ne yake sako shi ya dawo cikin ruwan. Ba na yarda a zuba sabon haɗi sai idan batir ya kife ya zubar da nasa.

Idan hakan ta faru, ga lissafin, kuma ina so ka iya shi da kanka. Lita ɗaya ta ruwan batir mai kauri 1.28 nauyinta giram 1,280 ne, kuma kimanin kashi 37 cikin 100 na wannan nauyi asid ne, wato giram 474. Nauyin mol ɗaya na H2SO4 (mol shi ne ma'aunin yawan sinadari a kemistiri) giram 98 ne, domin haidirojin biyu 2 ne, salfa 32, oksijin huɗu 64. Idan ka raba 474 da 98 za ka sami mol 4.8 a lita. Tsantsar asid kuwa kaurinta 1.84 ne, kashi 98 cikin 100, saboda haka kowace mililita tana ɗauke da giram 1.8 na asid. Raba 474 da 1.8, ka ga kana buƙatar kimanin mililita 263, tare da ruwa kusan mililita 800. Kada ka yi mamaki da jimillar ta wuce lita ɗaya, haɗin yana tsukewa ne idan ya gauraya.

Asid ake zubawa cikin ruwa, a hankali, ana motsawa, da safar hannu da tabarau; idan ka zuba ruwa a kan asid zafin haɗuwar zai tafasa shi nan take ya fantsamo maka a fuska. Ka bari ya huce kafin ka auna, domin zafi yana rage abin da haidiromita take nunawa. Ruwan kuma sai wanda aka tace ta turiri, banda na famfo ko na leda, saboda ƙarfe da kulorin da ke cikinsu suna lalata faranti. Haidirojin da na ambata yana kama wuta da ɗan tartsatsi, shi ya sa nake cewa a kashe caja kafin a cire waya daga kan batir.