Yana manta aike, amma hannunsa bai manta ɗinki ba: me ke faruwa da ƙanena?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ƙanena tela ne, shekararsa 26. Shekara uku ke nan da aka ce yana da ciwon taɓin hankalin da ake kira sikizofreniya. Alhamdu lillahi, tun da ya fara shan magani muryoyin da yake ji suka lafa. Damuwarmu yanzu mantuwa ce. A aike shi sayo abu uku, ya dawo da ɗaya. Amma in ya hau keken ɗinki sai ka ce ba abin da ya taɓa samunsa. Wani lokaci ya rantse ya sha magani, mu duba mu tarar da ƙwayar tana nan. Mama ta fara cewa da gangan yake yi. Shin in muna sa shi yin abu da hannunsa maimakon faɗa masa, zai fi riƙewa? Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba shi lafiya, ya saka muku da alheri kan haƙurin da kuke yi. Ki fara kwantar wa Mama da hankali: abin da kika bayyana sananne ne a wannan ciwo, kuma da wuya a ce ganganci ne.

Mutane sun fi sanin sikizofreniya da jin muryoyi da zargin mutane. Amma raunin ƙwaƙwalwa wajen riƙe abu, musamman abin da aka faɗa da baki, yana cikin jigon ciwon, kuma sau da yawa yana nan ko bayan muryoyin sun yi shiru. Maganin da ke kwantar da muryoyi ba ya gyara wannan sosai. Ɗinki kuwa a wata ma'ajiya daban yake, ta abin da jiki ya saba da shi saboda maimaici, irin tuƙa keke ko ɗaura zani. Ciwon bai cika taɓa wannan ma'ajiya da ƙarfi ba. Shi ya sa aike ke zubewa, ƙafa kuma ba ta manta taka keke.

Tambayarki ta yi daidai da abin da masana suka daɗe suna bincike a kai. A 1980 Johannes Engelkamp a Jamus, sannan Ronald Cohen a Kanada a 1981, suka nuna cewa in aka karanta wa mutane gajerun umarni, irin su "karya tsinke" ko "buɗe littafi", waɗanda suka aikata abin sun fi waɗanda suka saurara kawai tunawa da shi daga baya. An yi ta maimaita gwajin a kan yara da tsofaffi ana samun haka. Ke ma kin san wannan daga madafi: miyar da kika haɗa da hannunki ba ɗaya take da wadda aka yi miki bayaninta ba.

To, ina masu sikizofreniya? A 2005 Elena Daprati da Angela Sirigu da abokan aikinsu a Faransa suka gwada wannan, suka gano abu biyu. A masu lafiya, motsi kaɗai ba ya taimako, sai in motsin ya yi daidai da ma'anar maganar. A masu sikizofreniya kuwa, ribar nan ta aikatawa ta kusa ɓacewa. Mutanen da aka gwada ba su da yawa, kuma masu ciwon ba duka suke ɗaya ba, don haka ba hukunci ba ne a kan ƙanenki. Amma dalilin da ya sa ribar ke raguwa shi ne abin da na fi so ki fahimta, domin a nan amsar rantsuwarsa take.

Duk lokacin da kika motsa hannu, ƙwaƙwalwa tana aika umarni ga tsoka, tana kuma ajiye wa kanta kwafin umarnin, don ta san abin da za ta ji kafin ta ji shi. Wannan ne ya sa ba kya iya yi wa kanki cakulkuli. Kwafin nan kamar hatimi ne da ake buga wa aiki, mai cewa "ni na yi wannan". Chris Frith a Landan ya daɗe yana bayanin cewa a sikizofreniya hatimin nan ba ya fita sosai. A 2000 shi da Sarah-Jayne Blakemore suka nuna cewa marasa lafiya masu jin muryoyi, ko masu jin kamar wani ke sarrafa jikinsu, suna jin shafar da suka yi wa tafin hannunsu da ƙarfi ɗaya da wadda wani ya yi musu. Ƙwaƙwalwar ba ta rarrabe nata da na waje yadda ya kamata.

In hatimin ya dushe, aikin da aka yi da wanda aka yi niyya kawai sai su yi kama a ajiya. Wani bincike da Łukasz Gawęda ya jagoranta a Polan a 2012 ya sa mutane su aikata wasu abubuwa, wasu kuma su raya su a zuci kawai. Masu sikizofreniya sun fi ɗaukar abin da suka raya a matsayin abin da suka aikata. Ki duba ƙanenki: ya tuna da magani, ya ga kansa a zuci yana ɗaukar kofi, wani abu ya ɗauke masa hankali. Da aka tambaye shi, abin da ya tarar a ƙwaƙwalwarsa shi ne ya sha. Rantsuwarsa a kan abin da ya yi imani da shi ce. Yana min ciwo in ga ana kiran irin waɗannan matasa maƙaryata a gidajensu, domin daga nan ne wasu ke daina magana da kowa.

Saboda haka amsata ita ce e, ku sa shi ya yi da hannunsa, amma kada ku dogara da yi ɗaya, kuma ku bar wa aikin shaida a waje. Ku samo ƙaramin akwatin magani mai gida bakwai, shi da kansa ya zuba ƙwayoyin mako a gabanki. Ya sha a lokaci ɗaya kullum, a jingine da abin da ba ya wucewa, kamar bayan sallar isha'i in likitansa ya amince da lokacin, sannan ya ja layi a kalanda bayan ya haɗiye. In gardama ta taso, akwatin za a duba tare, ba fuskarsa ba. Wannan kuma yana kare shi daga sha sau biyu. Aike kuwa, ya rubuta da hannunsa, ya faɗa da bakinsa, ya tafi da takardar. In za a koya masa sabon aiki a shago, a gutsura shi ƙanana, a nuna masa daidai tun farko, kada a bar shi ya yi ta laluben kuskure, domin kuskuren ma yana iya zaunawa a ƙwaƙwalwa kamar shi ne daidai. Robert Kern a Amurka ya gwada wannan salon koyarwa a 2002, ya kuma inganta aikin masu ciwon.

Motsa jiki ma yana da nasa amfani. Wani nazari da Joseph Firth ya jagoranta a 2017 ya haɗa gwaje-gwaje 10 na mutum 385, ya ga motsa jiki mai sa haki ya inganta natsuwa da iya riƙe abu a ƙwaƙwalwa yayin da ake aiki da shi. Tafiya da sauri ko ƙwallo da abokai sau uku a mako mafari ne mai kyau.

In za ku koma asibiti, ki tafi da dukkan magungunansa. Artane, wanda ake yawan haɗawa don hana sandarewar jiki da karkarwa, yana iya ƙara mantuwa, haka ma diazepam, maganin nan mai sa barci. Kada ku rage ko ku tsayar da kanku. Ki gaya wa likitan abin da kika gaya min, ki kuma tambaye shi ko allurar da ake yi duk sati biyu zuwa huɗu za ta dace da shi a madadin ƙwayar kullum.