Tambaya da Amsa: Shekara uku ina waƙa amma har yau ba a san ni da komai ba

TAMBAYA

Assalamu alaikum oga, barka da ƙoƙari. Ni matashi ne daga Gusau, shekarata 24, kuma na kai shekara uku ina waƙa. Na yi ta soyayya, na yi gambarar zamani, da watan Maulidi na yi yabon Manzon Allah (SAW), lokacin zaɓe ma na yi wa wani ɗan takarar majalisa waƙa. Damuwata ita ce duk wanda ya ji waƙata sai ya ce kai muryarka kamar ta wane, yau a kira wannan gobe a kira wancan, ba wanda ya taɓa cewa wannan kam kai ne. Ga guda uku nan na turo maka ta WhatsApp haɗe da saƙon murya. Don Allah ya zan yi in samu layi nawa na kaina? Ko dai sunan da nake amfani da shi zan canza?

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanina. Na saurari waƙoƙin naka a situdiyo, kuma tsakani da Allah murya kana da ita, numfashi ma akwai, ba ka faɗowa daga kan kiɗa, wanda wannan kaɗai yana gagarar yara da yawa da suke shigo min. Amma da ba ka faɗa min mutum ɗaya ne ya yi su ba, wallahi cewa zan yi mutum uku ne. A ta soyayyar ka matse murya ka kai ta hanci saboda haka ake yayi, a gambarar ka koma rabi Hausa rabi Turancin buroka, ta siyasar kuwa ihu kawai kake kana jero sunayen mazaɓu. To masu ce maka kamar wane ba sharri suke maka ba, abin da kunnensu ya ji suka faɗa.

Maganar suna ajiye ta tukuna, ba nan gizo ke saƙa ba.

Bari in ja ka baya wajen magabata, don su sun riga sun gama wannan lissafin tun kafin a san irin situdiyon kwamfuta na yanzu. Ɗan Maraya Jos kuntigi ya riƙe, ɗan abu mai tsirkiya ɗaya tal, shi kaɗai yake kiɗansa yake waƙarsa, kuma hankalinsa na kan talaka, karen mota, lebura, zaman aure da rigingimunsa, har ya rasu a 2015 in ka ji kuntigi shi zai faɗo maka a rai. Barmani Choge ta Funtuwa ƙwarya ta riƙe da kiɗan amada, da mata take magana kai tsaye kan sana'a da kishiya da haihuwa, maza sai dai su saurara daga gefe. Ɗan Anace 'yan dambe ya bi, har ta kai ba a ambaton shahararren ɗan damben nan Shago a manta da shi. Haruna Uji gurmi. Narambaɗa kotso da fadar Sarkin Gobir na Isa. Kowannensu in aka tashe ka daga barci aka kira sunansa, za ka iya faɗin abin kiɗansa da mutanen da yake yi wa waƙa ba tare da ka yi tunani ba.

Na san abin da za ka ce, to ai Shata ba abin da bai waƙe ba. Gaskiya ne, ya yi wa sarakuna, ya yi wa direbobi, ya yi wa attajirai da 'yan siyasa da mata, ya yi habaici ya yi gargaɗi. Amma ka lura da kyau, jigo ne yake canzawa, kalangun nan bai taɓa canzawa ba, yadda yake jefa ɗiya, wato baitocin waƙa, 'yan amshi su karɓe bai canza ba, muryar nan ba ta taɓa komawa ta wani ba har ya bar duniya a 1999. Kaga kenan abu biyu ne mawaƙi yake tsayawa a kai, ko dai a san ka da abin da kake faɗa da waɗanda kake faɗa wa, ko a san ka da sautinka. Wanda ya haɗa biyun ya more. Wanda ya riƙe ɗaya zai iya yawo da ɗayan son ransa. Kai kuma a yanzu duka biyun kake canzawa a kowace waƙa, to da me kake so mai sauraro ya kama ka?

Ko a 'yan zamani haka abin yake. In aka ce waƙar siyasa Rarara za a fara kira, in aka ce waƙar mata a gidan biki Ado Gwanja, in aka ce sarauta Naziru Sarkin Waƙa, in aka ce zurfin Hausa da hikima Aminu Ala. Ba wai ba sa taɓa wani abu daban ba, suna yi, amma sai da suka kafa ƙafa a wuri ɗaya aka san su sannan suka fara leƙe-leƙe.

Yanzu in faɗa maka inda yawancinku kuke ɓatar da kanku, a kan kujerar da ke bayana ne a situdiyo. Yaro zai shigo da littafinsa, kafin ma ya rera min baiti ɗaya sai ya ciro waya ya kunna waƙar da ke tashe a TikTok ya ce oga irin wannan kiɗan nake so. Mai kiɗa kuma ɗan kasuwa ne, akwai mutum uku a waje suna jiran layi ga janareta na shan mai, me zai sa ya wahalar da kansa? Sai ya buɗe tsohon aikin da ya yi wa wani a kwamfuta, ya ɗan ɗaga sauri, ya canza sautin sarewa a fiyano, shikenan. Sannan a zo kan murya a murɗa ototun, manhajar nan ta gyara murya, har ƙarshe, shi kuwa ototun in aka ƙure shi aikinsa kenan ya goge ɗan rawar murya da ɗan karkacewar da ke tsakanin sauti da sauti, alhali a nan ɗin ne muryarka ta bambanta da ta kowa. Sai ka fito da waƙa fes ba kuskure ko ɗaya, kuma ba kai a cikinta ko kaɗan. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Abin da za ka yi, ka nemi mai kiɗa ɗaya wanda jininku ya haɗu ka zauna da shi, ka daina tsalle daga wannan situdiyo zuwa wancan don an rage maka dubu biyu. In ka je kada ka kunna masa waƙar kowa. Ka rera masa taka da baki zalla, kana tafi ko kana buga tebur, ya nemo inda muryarka ta fi zama daram ya gina kiɗan a kai. Ni a kunnena muryarka ta ƙasa ta fi ta sama daɗi nesa ba kusa ba, akwai wani wuri a baiti na biyu na waƙar soyayyar da numfashi ya kusa ƙare maka ka sauko ba shiri, to layi biyun nan su ne kaɗai inda na ji ka. Ka ce masa ya sassauta ototun, kuma ku zaɓi abu ɗaya ko biyu da za su dinga dawowa a duk waƙoƙinka, ko kalangu ne na gaske a kira makaɗi ya buga a ɗauka, ko wata irin shigowar amshi, yadda daga daƙiƙa goman farko mai shayi zai ce wannan yaron nan ne na Gusau.

Sai abin da ya fi ba ni haushi. A saƙon muryar da ka turo, munka da sunka da wanga kake yi, Hausarka ta gida mai daɗi, amma da ka tsaya gaban makirfo sai ka wanke ta tas ka koma Kananci, wai don kada a ce ɗan ƙauye. Haba ƙanina! Ƙasar Zamfara da ta fitar da Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru da Kassu Zurmi, da wannan harshen suka yi waƙa kuma har gobe ana jin su a Kano da Kaduna da Maraɗi ba wanda ya nemi tafinta. Masu Kananci a waƙar zamani sun yi yawa har ba sa ƙirguwa, kai kuma kana da abin da ba za su iya kwaikwaya ba sai ka ɓoye shi. Ban ce ka ɗauki kotso ka koma waƙar fada ba, kiɗan zamaninka za ka yi, amma da bakinka.

Batun jigo ba ni zan zaɓa maka ba, sai dai ga yadda za ka gane. Ɗauko littafin waƙoƙinka ka duba waɗanda ka rubuta ba wanda ya sa ka ba wanda ya biya ka, ka ga a kan me suke yawan komawa. Sannan ka tambayi kanka wa nake gani a gabana in ina rerawa, budurwa ce a ɗaki da abin ji a kunne, ko ɗan acaɓa, ko matan gidan biki, ko 'yan zawiyya. In amsarka ita ce kowa da kowa to ba ka amsa ba tukuna. Kuma ka sani yabon Annabi ba layin da ake shiga a fita ba ne kamar sauran, masu jinsa suna kallon har yadda kake rayuwa, ba za su ji daɗi su gan ka yau da mandiri gobe kana rawa da 'yan mata a bidiyo ba. In shi ne a zuciyarka ka shige shi gaba ɗaya, in ba shi ba ne ka yi abinka tsakaninka da Allah ba sai ka mai da shi sana'a ba.

Na san akwai maganar ci da sha, ba zan yi maka ƙarya ba. Kuɗin mawaƙi a Arewa yawanci daga waƙar biki da ta siyasa da talla yake fitowa, Audiomack da YouTube sai an daɗe ana shuka kafin a ga wani abin kirki. In an kawo maka aikin amarya da ango ka karɓa ka yi, ka miƙa musu abinsu ka karɓi haƙƙinka, amma ba dole sai ka ɗora a shafinka ba. Shafinka na waƙoƙin da kake so a san ka da su ne kawai. Ta siyasa ce dai sai ka yi taka-tsantsan, don ita tambari take bugawa, in ka yi wa jam'iyya ɗaya ta karɓu to 'yan ɗaya ɓangaren sun sa maka ido kenan, kuma ɗan takarar in ya faɗi ko ya sauya sheƙa kai za a bari da waƙar.

Ka ba kanka kamar wata shida zuwa shekara, waƙa biyar ko shida a layi ɗaya da mai kiɗa ɗaya, ko da wani sabon yayi ya ɓarke a tsakiya ka kau da kai. Ta farko da ta biyu wataƙila ba za su je ko'ina ba, kada hakan ya sa ka juya.

Suna kuma, in naka ba irin su Ƙaramin wane ko wane Junior ba ne, bar shi yadda yake. In kuwa irinsu ne to cire shi yau ɗin nan, ka sa sunanka na yanka ko laƙabin da ake kiran ka da shi a unguwa. In kun haɗa ta farkon ka turo min kafin a yi miksin, wato a gyara a daidaita murya da kiɗa, ina so in ji muryar tun ba a taɓa ta ba.