Tambayi Likita: Yumɓun Gyaran Mutum-mutumi da Lafiyar Masu Taɓa Shi

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ni matashi ne a Pantami, Gombe. Ina sayen mutum-mutumin roba na jaruman katun, in yi musu sulke ko gemu da Milliput, yumɓun nan mai kashi biyu da ake murjewa tare. Wata uku ke nan yatsuna na ƙaiƙayi suna tsagewa. Na ɗauka hunturu ne, amma basilin bai yi min komai ba.

Amsa: Ƙanena, hunturu ba ya zaɓar yatsu. Buɗe hannunka ka duba. In babban yatsa da manuniya da na tsakiya ne suka fi yin ja, wato waɗanda kake murzawa da su, to yumɓun ne. Milliput da Apoxie Sculpt duk dangin efoksi ne, wato gam mai kashi biyu. Ba sa neman wuta, da kansu suke sandarewa in an haɗa kashi biyun, kuma a wannan lokaci da suke ɗanye suke cin fata. Ƙurajen kan fito bayan kwana 1 zuwa 3, shi ya sa mutum ba ya zargin abin da ya taɓa. Abin da ba na so ka raina shi ne, in jiki ya riga ya tsani efoksi, yawanci ba ya shiryawa da shi har abada. Ɗan kaɗan ma ya isa ya tayar da ciwon.

Ka dakata da aikin har fatar ta warke. In za ka koma, sa safar hannu ta nitiril, domin sinadarin yana ratsa ta latas (latex) irin wadda muke sawa a asibiti. Kada ka jiƙa yatsa da yawu don ka shafe aikin ya yi sumul, na san masu wannan sana'a suna yi; ajiye ruwa a murfin kwalba. Kada kuma ka wanke hannu da fetur ko tina, sabulu da ruwa sun wadatar. Man shafawar nan na kemis mai haɗe-haɗe, bar shi, ka je Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe a duba fatar. Milliput kan yi tauri cikin awa 3 zuwa 4, amma ka bar shi ya kwana kafin ka goga masa samfefa, kuma ka jiƙa samfefar, don ƙurar ta zama caɓi maimakon ta shiga huhunka.

Tambaya: 'Yata tana gasa 'yan tsana na Fimo a obin ɗin da nake kek. Shekaranjiya suka ƙone ƙurmus, hayaƙi ya cika kicin, muka yi ta tari. Mun cutu? Daga wata uwa a Yelwa, Bauchi.

Amsa: Hajiya, in tarin ya lafa, ku kwantar da hankali. Fimo da Sculpey sunan yumɓu kawai suka ara, asalinsu roba ce, PVC. Fimo yana son zafin digiri 110 na minti 30, Sculpey kusan 135. In wuta ta zarce har ya ƙone, yana fitar da iskar asid mai yaji a ido da maƙogwaro, ita kuka shaƙa. Obin ɗin gas da yawa ba sa faɗin gaskiyar zafinsu, balle tukunya da yashi, don haka a sayi ma'aunin zafi a ajiye ciki. A rufe aikin da foyil, a buɗe taga, a wanke obin kafin a mayar da kek. Faranti da wuƙar da suka taɓa yumɓun su bar kicin. In akwai mai asma a gidan, ko ƙirji ya ci gaba da shaƙewa, a kai shi asibiti yau.

Tambaya: Ɗana mai shekara 2 ya haɗiye ɗan guntun yumɓun yayansa, irin mai bushewa a iska. Daga Jekadafari.

Amsa: In guntun bai fi ƙwayar gyaɗa ba kuma yaron yana wasansa, a ba shi ruwa, zai fita da bayan gida. Kada a tura masa yatsa ko a ɗura masa manja don ya yi amai. Wanda ake kwaɓawa a gida da fulawa da gishiri ya fi ba ni tsoro, gishirinsa ya fi ƙarfin jikin yaro. In shi ne, ko ɗanyen efoksi, ko kuwa yaron yana amai, yawu na dalala, numfashi na fita da ƙara, ku ɗauko shi tare da kwalin yumɓun ku taho asibiti.