Man kanumfari da fumfuna: amsar tambayoyin manoman Daura

Wani manomin gyaɗa daga Mai'adua ya aiko da tambaya: "Malam, na ji ana cewa man kanumfari yana hana fumfuna. Ina da buhunan gyaɗa da nake son ajiyewa sai ta yi tsada. In yayyafa musu?"

Alhaji, maganar tana da tushe, sai dai an ƙara mata gishiri kafin ta iso gare ka. A cikin kanumfari akwai wani sinadari da ake kira yujinol, shi ne ke sa harshe ya yi maka nauyi idan ka tauna. Kirfa da na'a-na'a da daddoya ma kowanne da irin nasa. Idan aka turara ganye ko 'ya'yan aka tace man, ƙamshinsa yana lalata fatar ƙwayoyin fumfuna, sai su kasa yaɗuwa. An sha gwada wannan a ɗakunan bincike, kuma kanumfari da kirfa suna cikin waɗanda suka fi ƙarfi.

To amma a ɗakin bincike cikin ɗan kwano rufaffe ake gwajin. Buhunka kuwa iska na ratsa shi ta ko'ina, man kuma mai tashi ne, kafin wani lokaci ya bi iska. Wanda zai ishi tarin buhuna sai kuɗinsa ya cinye ribar da kake jira, ga shi mai saye zai ji gyaɗa tana warin kanumfari ya rage maka farashi. Ban ba ka shawarar ka yayyafa ba.

Abin da fumfuna ke nema damshi ne. Gyaɗa ɓararriya tana son danshinta ya sauka zuwa kashi 7 ko 8 cikin 100, masara kuma kashi 13. Ka shanya a kan tabarma ko tamfol, kada a kan ƙasa. Ka tsince fasassu da motsattsu da waɗanda ƙwari suka huda, domin ta nan cutar ke shiga. Ka ɗora buhunan a kan katako, nesa da bango. Ga masara akwai gwaji mai sauƙi: a zuba ta cikin busasshiyar kwalba tare da busasshen gishiri a girgiza, idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, a mayar da ita rana. Kuma kada a ɗaure hatsi mai danshi cikin buhun PICS, wato buhun nan mai leda a ciki da ke hana iska shiga, zai ruɓe a ciki.

Wata baiwar Allah daga cikin garin Daura, mai sana'ar ƙuli-ƙuli da busasshen tumatir, ta ce: "Ni fa kayana kaɗan ne, a bokiti mai murfi nake ajiyewa, amma da damina sai su yi fari-fari."

Hajiya, ke ce wannan dabarar za ta fi yi wa amfani. Ki ɗiga man kanumfari kaɗan a auduga, ki sa ta cikin ɗan ƙoƙo a kan kayan yadda ba za ta taɓa su ba, ki rufe bokitin ruf. Idan ƙamshin ya tafi ki sabunta. In babu man, ki daka kanumfari ki ƙulle a tsumma mai tsabta, ko da yake ƙarfinsa bai kai ba. Ki fara da bokiti ɗaya ki ji ko masu saye za su yarda da ƙamshin. Ki kula, turaren shafawa na kasuwa ba shi ake nufi ba, gauraye yake da abubuwan da ba a ci. Man na ainihi ma yana ƙona fata da ido, a ɗaga shi daga inda yara ke kaiwa.

Wani matashi daga Zango ya tambaya ko man zai gyara masarar da ta riga ta yi kore-kore.

Ba zai gyara ba, ɗan'uwa. Irin wannan fumfuna tana barin guba mai suna aflatoksin, wadda ke cin hanta har ta kai ga ciwon daji. Dafuwa ba ta kashe ta, suya ma haka. An gano ta ne bayan talo-talo kimanin 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 sanadin abincin da aka haɗa da gyaɗa, a 2004 kuma gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125 a Kenya. Kada ka ba kaji, kada ka ba shanu, don tana fitowa a nono. Ka haƙa rami ka binne.

Baɗi ka fara tun daga gona. Akwai Aflasafe, maganin rage aflatoksin tun a gona, na cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, ana watsa kilo 10 a hekta ɗaya, mako 2 zuwa 3 kafin shuka ta yi fure. Ka tuntuɓi malamin gona na KTARDA, hukumar raya aikin gona ta Jihar Katsina, a ƙaramar hukumarku tun kafin ruwa ya sauka.