Hadda ko fahimta: da wanne za a fara koyar da lissafi?

Tambaya: Ni malamar firamare ce, ina koyar da 'yan aji huɗu. Yarana sun haddace jadawalin sau, suna rera shi kamar waƙa, amma da na ba su tambaya cikin labari sai su yi cirko-cirko. Wani abokin aikina ya ce in daina sa su hadda, wai zamani ya wuce ta. In bari ne?

Amsa: Malama, kada ki bari. Haddar ba ta da laifi, ta dai riga ma'ana isowa ne. Yaron da ya ce "bakwai sau takwas hamsin da shida" amma bai san tsibi bakwai ne kowane da abu takwas ba, sauti ya riƙe, shi ya sa ba ya gane ninkawa idan ta zo masa cikin labari.

Wannan gardama ta daɗe. Bayan Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik a 1957, Amurka ta shigo da abin da aka kira sabon lissafi, aka ɗora wa ƙananan yara nazari mai zurfi, aka rage atisaye. Malamai da iyaye suka ruɗe, a shekarun 1970 aka koma kiran a dawo tushe. Kwamitin ƙasa da ya duba koyar da lissafi a Amurka ya faɗa a rahotonsa na 2008 cewa fahimta da ƙwarewar ƙidaya da warware matsala suna ƙarfafa juna ne. Ni ma ra'ayina ke nan, sai dai jerin yana da muhimmanci.

Jerome Bruner, masanin halayyar ɗan Adam, ya bayyana a 1966 cewa yaro kan kama abu ta hanya uku: ya taɓa da hannu, ya gani a zane, sannan ya rubuta da alama. A kan wannan ne Singafo ta gina littattafan lissafinta na firamare tun shekarun 1980, kuma ɗalibanta suka zo kan gaba a gwajin TIMSS na 1995, wanda ke kwatanta ɗaliban ƙasashe a lissafi da kimiyya. Wannan tsari ba ya buƙatar kayan tsada. Tsinkaye da tsakuwa da murafan kwalba sun isa.

Ki gwada wannan gobe. Rubuta 52 a ɗebe 38 a allo. Za ki samu wasu sun rubuta 26, domin sun ɗebe 2 daga 8, sun ɗebe 3 daga 5. Wannan ba sakaci ba ne, ƙa'ida ce yaron ya ƙirƙira wa kansa, cewa kullum ƙarami ake cirewa daga babba. Jan biro ba zai kawar da ita ba. Ki ba shi ɗauri biyar na tsinkaye goma-goma da guda biyu a warware, ki ce ya miƙo miki 38. Zai ga biyun nan ba su kai takwas ba, dole ya kwance ɗauri ɗaya. Yanzu yana da ɗauri huɗu da tsinke 12. Ya ba da takwas saura huɗu, ya ba da ɗauri uku saura ɗaya, amsa 14. Kwance ɗaurin nan shi ne "aro" da muke ta faɗa musu. In ya yi da hannu sau da yawa, sai ya zana, sannan ya koma ga alƙaluma. Kada kuma a daɗe a kan tsinkayen, amfaninsu shi ne su kai yaro inda ba ya buƙatar su.

Tambayar labari kuwa zane ne maganinta. A ce yara biyu suna da fensir 24, na babban ya ninka na ƙaramin sau uku. Kafin kowa ya taɓa lamba, a zana akwati ɗaya na ƙaramin, uku na babban. Akwati huɗu ne 24, ɗaya shida ke nan, babban yana da 18. Ki guji koya musu cewa duk inda suka ga "gaba ɗaya" tarawa ce, ko "saura" ɗebewa ce. Dabarar tana aiki na ɗan lokaci, daga baya ta hana su karanta tambayar.

Yanzu ga dalilin da na ce ki riƙe hadda. Abin da ƙwaƙwalwa ke iya juyawa a lokaci guda kaɗan ne, abu huɗu ko makamancin haka a ƙiyasin masanin halayyar ɗan Adam Nelson Cowan na 2001. Yaron da ke ƙirga shida sau bakwai da yatsu a tsakiyar doguwar rabawa, kafin ya gama ya manta inda ya tsaya. Wanda amsar ke bakinsa, hankalinsa na kan ainihin matsalar. A Ingila tun 2022 wajibi ne a gwada 'yan aji huɗu a kan jadawalin sau har zuwa 12 sau 12.

Aikin ma bai kai yadda ake tsoro ba. Daga 1 zuwa 10 akwai amsoshi 100. Idan yaro ya jera tsakuwa layi uku na huɗu-huɗu, ya juya ya ga layi huɗu na uku-uku ne, sun ragu zuwa 55. A cire gidan 1 da 2 da 5 da 10 masu sauƙi, saura 21 kacal. Su ma ana gina su daga sanannu: 7 sau 8 shi ne 5 sau 8 da 2 sau 8, wato 40 da 16. Ki bar rera jadawali daga farko zuwa ƙarshe, domin mai rerawa sai ya faro daga sama kafin ya iso amsa. Ki riƙa tambaya a gauraye, minti biyar kullum, kina dawo da na makon jiya. Amma ban da tsere da agogo a gaban aji, yana sa wa masu jinkiri tsoron lissafi, kuma tsoron kan daɗe.

In ajin yana da cunkoso, ki sa su bibbiyu, ɗaya ya yi, ɗaya ya faɗi dalili. Kowa ya rubuta amsa a takarda su ɗaga tare, ki ga ajin duka a kallo ɗaya. Sannan ki yawaita tambayar "ta yaya ka sani?", ko amsar daidai ce. Wanda ya ce rabi da sulusi sun zama biyu bisa biyar, ki tambaye shi ko biyu bisa biyar ya kai rabi. Ki ba shi takarda ya naɗe gida shida, ya ƙirga uku na rabi da biyu na sulusi, ya ga biyar bisa shida da idonsa.