Me zan saka, me zan bari a manhajar kwaikwayo?

TAMBAYA: Malam, ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe, fannin kimiyyar kwamfuta. Ina haɗa manhajar da za ta kwaikwayi yadda cuta ke yaɗuwa a makarantar kwana. Na saka shekarun ɗalibai, tsayinsu, yanayin zafi, har da nisan ajujuwa. Yanzu abin ya cakuɗe mini, sai kwamfutar ta yi awa biyu kafin ta fito da sakamako. Me zan cire?

AMSA: Ƙanwata, kafin ki cire komai, wace tambaya kike so manhajar ta amsa? Rubuta ta a layi ɗaya. Misali: idan aka keɓe masu ciwo tun rana ta biyu, mutum nawa za su kamu? Duk abin da bai taɓa wannan tambaya ba, ajiye shi gefe.

A 1927, wasu masana biyu, Kermack da McKendrick, da suke lissafin yadda cuta ke yaɗuwa, sun raba jama'a gida uku kacal: waɗanda za su iya kamuwa, masu ɗauke da cutar, da waɗanda suka warke ko suka rasu. Lambobi biyu ke juya lissafin: saurin kamuwa da saurin warkewa. Har gobe ana ɗora aiki a kan wannan tubali. Fara daga nan. In ya yi aiki, sai ki riƙa ƙara abu ɗaya-ɗaya, kina gwadawa. Ɗaga lambarsa da kashi 10 cikin ɗari, ki duba sakamako. In bai motsa ba, kaya ne kawai kika ɗora wa kwamfutarki. Sannan kowane abu da kika saka yana neman alƙaluma na gaskiya. In babu su, ƙiyasi za ki yi, kuma manhajar za ta sa wa ƙiyasin rigar ilimi. Ni ma na taɓa yin haka, mako uku na ɓata.

Amma kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago. A 1961 masanin yanayi Edward Lorenz ya taƙaita 0.506127 zuwa 0.506 a manhajarsa ta hasashen yanayi, sakamakon ya kauce gaba ɗaya. Ƙanƙantar abu ba ta isa hujjar cire shi ba, gwaji ne zai nuna.

Tsayin ɗalibai dai, cire shi yau. Abin da ban gani a jerinki ba shi ne wa ke kwana ɗaki ɗaya da wa. Wannan ne zan fara sakawa.