Tambaya da Amsa: Idan abokin nutsonka ya kama jijjiga a ƙarƙashin ruwa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kwana-kwana ne a nan Maradi. Na yi horon nutso da kwalbar iska, yanzu ina shirin shiga matakin masu sauka fiye da mita 40. In abokin nutsona ya kama jijjiga a can ƙasa, ba sai in yi maza in hauro da shi ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka motsa, dubi bakinsa, don aikinka ya danganta da inda abin shaƙarsa yake, wato abin da yake shaƙar iskar kwalba da shi.

A irin wannan zurfi, jijjiga galibi gubar oksijin ce. Kowace mita 10 tana ƙara matsi bar ɗaya (bar ma'aunin matsi ne), kuma masu nutso ba sa barin matsin oksijin ɗin da suke shaƙa ya wuce bar 1.4 a wurin aiki, ko 1.6 a zangon hutawa, wato tsayawar da ake yi yayin hawa don naitirojin ya fita daga jiki. Shi ya sa oksijin zalla ba a shaƙarsa a zurfin da ya wuce mita 6. Kuskuren da aka saba gani shi ne mutum ya ɗauko kwalbar hutawa, mai yawan oksijin, tun yana ƙasa. Don haka ake rubuta iyakar zurfin kowace kwalba a jikinta da manyan lambobi, abokinka kuma ya duba kafin ka canja.

In abin shaƙar yana bakinsa, zagaya bayansa, riƙe masa shi da hannu ɗaya, ka tsaya a zurfin da kuke har jijjigar ta lafa. Yawanci minti ɗaya zuwa biyu ne. Mai jijjiga ba ya fitar da numfashi yadda ya kamata, iskar huhu kuwa kumbura take yi in ana hawa: daga mita 10 zuwa sama ninki biyu take yi, tana iya fasa huhun. In kuwa abin shaƙar ya riga ya faɗi, kada ka tsaya cusa masa, ruwa za ka tura masa. Fara hawa nan take.

Hawan ne ke kayar da ɗalibai da yawa. Rigar iska, wadda ake hura wa iska don ta ɗaga mai nutso, biyu kake kula da su, taka da tasa. An fi mantawa da tasa, sai ta kumbura ta fizge ku duka. Riƙa sakin iskarta kaɗan-kaɗan, kansa a miƙe, kana neman mita 9 zuwa 10 a minti.

Akwai batun da ba a son faɗa. In kana da bashin zangon hutawa mai yawa, fitowa kai tsaye na iya gurgunta ka, saboda naitirojin zai yi kumfa a jininka. Wannan shawara tun a bakin ruwa ake yanke ta, a kuma ajiye wani a shirye wanda zai karɓe shi daga hannunka.

A sama, cika masa riga, yar da darmar da ke ƙara masa nauyi. In ba ya numfashi, hura masa sau 5. Da kun kai wuri mai tauri, danna ƙirji 30, hura 2. Ba shi oksijin zalla, yana kwance. Kada a mayar da shi ruwa wai don kumfar ta narke. Ɗakin matsin iska, inda ake jinyar masu nutso, yake buƙata, kuma tun kafin ranar nutso ake sanin inda yake da yadda za a kai shi.

Malamin kirki a ruwa mara zurfi yake sa a maimaita wannan, tare da rufe bawul ɗin da ke zubar da iska da miƙa wa aboki dogon tiyo mai mita 2.1, har hannu ya saba. Nemi ya rufe maka tabarau a wasu zagaye, tunda ruwan Gulbin Maradi da damina ko tafin hannunka ba ka gani. Ka kuma tuna Maradi ta haura mita 300 daga matakin teku, don haka jadawalin hutawa na bakin teku sai an gyara shi kafin ka yi aiki da shi a nan.